Muryar da Na Gyara

Ni mai gyaran rediyo ne a Mokoyo.
Shagona bai fi akurki ba,
amma nan Ma'azu da Tsahara ke kawo gardamarsu,
don ni ke da benci, ni ke da shayi.

Ma'azu na da na'urar kiɗa, baƙa, mai nauyin ɗan maraƙi,
ya sayo ta Jibiya tun ina saurayi.
Haƙoranta sittin da ɗaya, biyu sun fita,
ga ƴan kunnuwa a jere da ake murɗawa.
In an kunna ta sai an jira,
sai ta yi ɗumi, ta yi miƙa,
sannan ta buɗe baki,
da wata ƴar dishewa can ƙasan maƙogwaro.

Ya ce, "Sautin da bai bi waya ba, bai sha zafi ba,
hoton sauti ne.
Ke, hoton fura ya taɓa kashe miki ƙishi?"

Tsahara ba ta ɗaga kai daga kwamfuta ba.
"Baba, cikin wannan faifan ina da irin taka ɗari uku.
In za ni biki Tibiri, jaka ɗaya a kafaɗa,
kai sai an nemo amalanke."

"Ɗari uku," in ji shi,
"kuma ba wadda ta san hannunki."

Haka muka ci damina.
Ranar da aka ɗauke wuta, tasa ta mutu tsakiyar magana,
tata na ci gaba, tana masa gwalo da ido.
Ranar da tata ta sanƙare,
ta haɗiye aikin kwana huɗu ba ko hamdala,
Ma'azu ya yi dariya har shayi ya bi ta hanci.
Ni dai ina hura wa dalma wuta.
Mai gyara ba ya shiga faɗan masu kaya.

Sai wata Laraba aka sauke ta daga bayan babur,
a naɗe cikin zanen matarsa.
Ta ƙi tashi.
Na kwance ƙusoshi goma sha biyu.
Ciki na tarar da gidan zanzaro,
ƙwayar gero, da dala guda ta zamanin da,
da wani ɗan abu da ya kumbura kamar kaska.
Na cire, na sa sabo, na liƙe, na share.
Jika uku, na ce, don kai ne.

Ya ɗora yatsu.
Sauti ya fito tas, garau,
kamar ruwan leda.

Ya sake dannawa. Ya dube ni.
"Ina dishewar?"
Na ce ai ita ce cutar.
Ya ce, "Ita ce muryar."
Shekara talatin ina gyara,
ban taɓa jin kunyar aiki mai kyau ba sai ranar.

Tsahara ta jawo benci.
Ashe bara, ranar da ya bar mata ajiya ya tafi ta'aziyya Madarunfa,
ta kwana tana danna haƙoran ɗaya bayan ɗaya,
tana ɗiba, tana zubawa a faifanta.
Ta taɓa.
Sai ga tsohuwar ta fito daga ƙaramin lasifika,
da dishewarta, da rawar muryarta,
har da tarin da take yi kafin ta kama.

Ma'azu ya daɗe bai ce komai ba.
Wani mai kabu-kabu ya wuce, ya dawo.

"Hoto ne," ya ce.
Sannan: "Ƙara ƙarfi."

Kaskar nan tana cikin gwangwanin tumatir
a kan kantata har yau.
Ya ce in mayar masa da ita, na ce ba ta komawa.
Ita ta ce in sayar mata.
Ban ba kowa ba.
Gobe ma suna tafe, kuma sukari ya ƙare.